Kwana 11 ban sha ba, in je zaman masu barin giya ko in tsaya a na waya?

Baƙon Dare: Salamu alaikum. Shekara 9 ina shan giya a ɓoye, ko matata sai bara ta gane. Yau kwanana 11 ban kai baki ba. Wata nas ta ce min akwai masu ƙoƙarin bari da ke haɗuwa duk yammacin Alhamis, amma a zauren wani coci suke zama, a unguwar da abokan aikina suka yi yawa. Ni Musulmi ne, kuma direban ofis. In zance ya kai kunnen oga, aikina ya tafi. Wanda ya taɓa zuwa ya gaya min: ana rubuta suna? Ana biya? Ko in tsaya a wanda ake yi ta waya?

Abu Hanan: Wa alaikumus salam. Ka riƙe salla cikin jam'i, ka rabu da abokan banza. Maganin ke nan.

Maman Biyu: Ka je asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna mana, ko Dawanau in a Kano kake.

Tsohon Soja: Ƙanena, shekara 4 na yi ina zuwa irinsa a Legas. Ba rajista. Sunanka na farko kawai za ka faɗa, in ka ga dama ka ce yau sauraro ya kawo ka. Kujeru ne a zagaye, kowa ya faɗi nasa, ba mai katse wani. AA ake ce wa ƙungiyar, wato Alcoholics Anonymous. A Amurka ta fara a 1935, wani dillalin hannun jari da wani likita, dukkansu mashaya, suka lura in suna zama da juna suna iya kai gobe ba su sha ba. Ɗakin kawai coci ke bayarwa, ban taɓa jin an yi min wa'azi ba. Kuma wanda ya gan ka a ciki, shi me ya kai shi?

Yaya Talatu: Ni da na san da irin wannan zama, wataƙila da ƙanena yana raye. Da muka gano yana sha, kawunmu ya ce a kai shi gidan mari. Wata 5 ya yi da sarƙa a ƙafa. Ranar da na je ganinsa, tabon bulala ne a bayansa har wuya, bai ko ɗaga kai ya dube ni ba. Da aka kai samame irin gidajen nan a Rigasa a 2019 hankalinmu ya tashi, muka ɗauko shi. Sai wata cibiya mai zaman kanta, dubu 350 duk wata, har sai da na sayar da sarƙar aurena. Wata 3 ya fito fes, ya yi ƙiba. Amma ba wanda ya ce mana ga inda zai riƙa zuwa bayan nan. Gida kowa na kallonsa da abin, majalisa ana tsokanarsa. Ya koma Jos, ya faɗa wa goskolo, wata muguwar giya da ake haɗawa a can. Hanta ce ta tafi da shi, yana da shekara 34.

Maman Biyu: Allah Ya jiƙansa, Yaya. Amma 350 an cuce ku, mu 120 muka biya wa ɗan yayata.

Ɗan Kasuwa: Wace shekara? Bana an ce min 600, ban da magani.

Tsohon Soja: Shi zaman kyauta ne fa. Kwando ake zagayawa da shi, mai ɗari biyu ya saka, wanda ba shi da shi ya miƙa gaba.

Abu Hanan: Ba na jin daɗin a tura Musulmi wurin mashaya neman shiriya alhali ga malamai.

Tsohon Soja: Malam, ka taɓa farkawa da asuba hannunka na rawa har ba ka iya riƙe buta? Ni salla ban bari ba, zaman ma ban bari ba.

Abu Hanan: Sai wanda ya sha ne ke da bakin magana ke nan?

Na Gwaggo: Ni a nemo min zaman masu barin shayin dare, mai shayinmu ya kusa gina gida da kuɗina.

Sista Rahila: Ku bar gardamar nan, akwai abin da ya fi ta. Wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya yanke lokaci guda, kwana 2 zuwa 3 na farko ne masu haɗari: rawar jiki, gumi, gane-gane, har farfaɗiya. Wannan aikin asibiti ne, ba na zama ba. Shi mai tambaya ya wuce nan, amma mai karantawa da niyyar farawa gobe ya fara ganin likita.

Yaya Talatu: Abin da ke ci min rai, 'yar ledar giyar nan. NAFDAC ta ce ta hana tun 2024, amma jiya a tasha na ga yaron mota ya saya kamar fiya wata, ya tsotse kafin su tashi.

Ɗan Kasuwa: A gaban masu kaki ma ake sayarwa. Mai tebur ɗaya, sigari a sama, leda a ƙarƙashi.

Maman Biyu: Har bakin makarantar yarana akwai.

Baƙon Dare: Na gode duka. Yaya Talatu, Allah Ya gafarta masa. Baba Soja, in na je zan iya zama a baya kusa da ƙofa? Kuma na wayar fa, akwai wanda ake yi da Hausa?

Ɗan Kasuwa: Wace tasha ce, Yaya? Don tamu ma haka take.