Neman Kalmar Hausa: Me Za Mu Kira Abin da Fotugal Ta Yi a 2001?

Jama'a, musamman 'yan uwa masu fassarar labarai da malamanmu na harshe, ina so mu tsayar da magana a kan kalmar Turancin nan decriminalisation, domin yadda ake juya ta zuwa Hausa yana kashe muhawarar miyagun ƙwayoyi tun kafin a fara ta. Abin da aka fi rubutawa shi ne "halatta", sai a ce ƙasa kaza ta halatta shan ƙwaya, ko kuma wasu masana sun nemi gwamnati ta halatta tabar wiwi. Bahaushe kuwa ya saba jin wannan kalma ne daga bakin malamai a matsayin kishiyar "haramta", don haka da zarar ta shiga kunnensa sai ya fahimci cewa wani ne yake son mayar da haram halal. Daga nan ya rufe kunne, kuma ba a ga laifinsa ba, tunda abin da aka gaya masa ke nan, alhali kuwa abin da ya faru daban ne.

Kafin mu zaɓi kalma, ya kamata mu ga abin da muke son raɗa wa suna. A ƙarshen shekarun 1990 Fotugal ta shiga bala'in heroyin, har aka ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin ɗari na al'ummarta yana ta'ammali da ita, ga cutar ƙanjamau tana yaɗuwa ta hanyar musayar allura. Majalisar ƙasar ta zartar da doka mai lamba 30 ta shekarar 2000, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2001. Dokar ba ta buɗe wa kowa shagon ƙwaya ba. Safara da dillanci suna nan a matsayin manyan laifuka masu kai mutum gidan yari, kuma shan ƙwayar ma haramtacce ne har gobe. Abin da ya sauya shi ne makomar wanda aka kama da abin da bai wuce na shan kwana 10 ba, wato kamar giram 25 na ganyen wiwi, ko giram 2 na hodar ibilis, ko giram 1 na heroyin. 'Yan sanda za su ƙwace kayan, amma maimakon su kai shi gaban alƙali, sai su tura shi gaban wani kwamiti na mutum uku, wanda ya haɗa masanin shari'a da ma'aikatan lafiya ko na jin daɗin jama'a. Kwamitin yana iya jingine maganar, ko ya ci shi tara, ko ya hana shi zuwa wasu wurare, ko ya haɗa shi da wurin magani idan shan ya riga ya zame masa jiki. Babu tuhuma a kotu, babu ɗauri, kuma sunansa ba ya shiga jerin masu laifi da zai bi shi duk inda ya je neman aiki.

Kalmar da muke nema, ke nan, dole ta nuna cewa hanyar kotu ce aka rufe, ba tare da ta ce an ɗage hanin ba. Da wannan ma'auni nake so mu auna shawarwarin da 'yan uwa suka kawo.

"Halatta" tana da wurinta, sai dai ba nan ba. Yurugwai a Disambar 2013, zamanin Shugaba José Mujica, ta yi dokar da ta ba da izinin noma wiwi da sayar da ita ƙarƙashin kulawar hukuma, har aka fara sayarwa a kantunan magani a 2017. Kanada ta bi sahu ranar 17 ga Oktoban 2018. A can akwai lasisi da shago da haraji, don haka wanda ya ce sun halatta a dokarsu bai yi kuskure ba, ko da yake ni na fi son a riƙa ƙara "a dokance" domin a raba hukuncin majalisa da hukuncin addini. Sanya Fotugal da Kanada a ƙarƙashin kalma ɗaya zalunci ne ga mai karatu.

Wani ɗan uwa ya kawo "cire laifi", kuma a zahiri ita ce ta fi kusa da ginin kalmar Turancin. Matsalarta ita ce faɗin da "laifi" yake da shi a Hausa. Kisan kai laifi ne, ƙin gaishe da babba laifi ne, sannan idan aka tambayi mutum lafiyar kasuwa ya ce "ba laifi", yabo ya yi. Wanda ya karanta cewa an cire laifin shan ƙwaya zai ɗauka an ce shan ƙwaya ba laifi, mun koma inda "halatta" ta ajiye mu. "Wanke laifi" ta fi muni, domin wankewa ana yi wa wanda aka zarga ne kotu ta tabbatar bai aikata ba. "Afuwa" da "yafiya" kuwa suna duban baya, ga mutanen da aka riga aka yanke wa hukunci, alhali mu muna maganar sauya doka ne ga duk wanda zai zo nan gaba. "Ɗage hukunci" kuma duk wanda ya taɓa zama a kotu ya san ɗagewa jinkirtawa ce zuwa wata rana.

Shawarar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce ta wani malami da ya ce mu koma ga rabon da kotunanmu na shari'a suka sani, na jina'i (laifukan da hukuma ke hukuntawa) da madani (ƙararraki tsakanin mutane, irin su bashi), mu ce an fitar da abin daga jina'i. Ta fuskar ilimi maganarsa tana da ƙarfi. Sai dai kalmar ba ta fita daga harabar kotu ta shiga kasuwa ba, kuma a littattafan fiƙihu jinaya ta fi karkata ga ta'addi a kan rai da gaɓoɓi, kamar kisa da rauni. Kalmar da sai an yi mata sharhi duk lokacin da aka karanta ta a rediyo ba za ta rayu ba.

"Sassauta hukunci" ita ma gaskiya ce a wani wurin, kuma wurin kusa da mu yake. A 2020 Gana ta yi sabuwar dokar hukumar kula da miyagun ƙwayoyi, mai lamba 1019, wadda ta mayar da hukuncin wanda aka kama da ƙwayar shansa daga ɗaurin shekaru zuwa tara. Amma har yanzu kotu ce take yanke tarar, mutum yana fitowa da tambarin mai laifi, kuma idan ya kasa biya gidan yari zai tafi, wanda ke nufin talaka ne zai ci gaba da ɗanɗana tsohon hukuncin. Abin da Gana ta yi sunansa "soke ɗauri". A nan ina jawo hankalin 'yan uwanmu na Nijar masu fassara daga Faransanci, domin kalmar dépénalisation tana ɗaukar ma'anoni biyu, wato irin abin da Fotugal ta yi da irin na Gana. Dokar 'yan jarida ta 2010, wadda gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salou Djibo ta kafa, da wannan suna aka san ta, kuma abin da ta yi shi ne cire ɗauri daga laifukan aikin jarida ta bar tara. Wajibi ne mai fassara ya duba abin da dokar ta ƙunsa kafin ya zaɓi Hausarta.

Abin da nake ba da shawara shi ne "soke gurfanarwa". Gurfana asalinta durƙusawa ce a kan gwiwa gaban mai iko, kuma Hausar labarai ta daɗe da keɓe "gurfanar da" ga wanda hukuma ta kai gaban alƙali bisa tuhuma. Wanda ake bi bashi ana kai ƙararsa ne ko a maka shi a kotu, amma ɓarawo da ɗan fashi da dillalin ƙwaya su ake gurfanarwa. Kalmar, ke nan, ta riga ta yi mana rabon jina'i da madani ba tare da mun ara daga Larabci ba, kuma tsohuwa a ƙauye ta san ta. Idan aka ce Fotugal ta soke gurfanarwa a kan shan ƙwaya, mai sauraro ya ji cewa kotu ce aka cire, bai ji an ce abin ya zama mai kyau ba, kuma tambayar da za ta zo bakinsa ita ce: to me ake yi wa wanda aka kama? Wannan ita ce ainihin tambayar da ya kamata muhawarar ta tsaya a kanta.

Na zaɓi "soke" a kan "daina" da gangan. Sokewa aikin doka ne, kamar soke zaɓe ko soke lasisi, dainawa kuwa hali ne da ake iya sauyawa gobe. Holan misali ce ta na biyun: tun gyaran dokarta na 1976 ta raba wiwi da ƙwayoyi masu tsanani, kuma masu gabatar da ƙara ba sa bin shagunan da ke sayar wa mutum abin da bai wuce giram 5 ba, amma a rubuce sayarwar laifi ce. Hausa tana da sunan wannan tun tuni, wato "kau da kai".

An yi mini ƙorafi cewa "soke gurfanarwa" za a iya ɗaukarta a matsayin janye shari'ar mutum guda. Amsata ita ce abin da ya biyo bayanta shi ke bambancewa: "soke gurfanar da wane" magana ce a kan mutum, "soke gurfanarwa a kan abu kaza" magana ce a kan doka, kuma ga na farkon muna da "janye tuhuma". Wani kuma ya ce kalmar ba ta faɗi ko akwai tara ko babu ba. Haka ne, kuma ta Turancin ma ba ta faɗa ba. Kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu a Satumbar 2018 ta yanke cewa ba za a hukunta baligi don ya sha wiwi a keɓe ba, babu tara babu kwamiti, alhali sayarwa ta ci gaba da zama laifi. Ya bambanta da tsarin Fotugal, amma duka biyun soke gurfanarwa ne. Haka nan kalmar tana aiki a wajen ƙwaya, domin a 2023 majalisar Gana ta soke gurfanarwa a kan yunƙurin kashe kai, kuma babu mai hankalin da zai rubuta cewa ta halatta shi.

Dalilin da ya sa na damu da wannan shi ne halin da gidajenmu suke ciki. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuka ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi, miliyan 4.6 kuma magunguna irin su taramol da kodin. Dokar hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya, wadda aka kafa a 1989, ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da ƙwaya a hannunsa, ko da yake a aikace alƙalai sukan yanke ƙasa da haka. Babu gidan yarin da zai ɗauki waɗannan miliyoyi, kuma yaron da ya shiga da ƙullin wiwi sau da yawa yakan fito da abin da ya fi shi. A 2014 kwamitin Afirka ta Yamma kan miyagun ƙwayoyi, wanda Kofi Annan ya assasa kuma Olusegun Obasanjo ya shugabanta, ya ba da shawarar a ɗauki mashayi a matsayin mai buƙatar magani, a tsananta wa manyan masu safara. Duk wanda aka gaya wa cewa Obasanjo ya nemi a halatta ƙwaya an tauye masa haƙƙinsa na sanin abin da aka ce.

Ba ina cewa soke gurfanarwa ita kaɗai magani ba ce. A Fotugal sababbin masu kamuwa da ƙanjamau ta hanyar allura sun sauko daga sama da 1,000 a 2001 zuwa ƙasa da 20 a 2017, amma hakan ya zo ne tare da kuɗin da aka zuba a cibiyoyin magani da rabon allura mai tsabta, kuma da aka rage kuɗin bayan matsin tattalin arzikin ƙasar, koke-koke sun dawo a birane irin su Porto. Jihar Oregon ta Amurka ta fi nuna haɗarin. Masu zaɓe sun amince da soke gurfanarwa a Nuwambar 2020, aka mayar da hukuncin tarar dala 100, kamar takardar da ake manna wa wanda ya ajiye mota inda aka hana, kuma ana yafe ta idan mutum ya buga waya wurin masu ba da shawara. Kaɗan ne suka buga, kuɗin magani ya yi jinkirin isa, fentanil, wata ƙwaya dangin heroyin mai tsananin ƙarfi, ta mamaye tituna, sai majalisar jihar ta janye tsarin daga 1 ga Satumbar 2024. Mu da cibiyoyin maganinmu ba su taka kara sun karya ba, har iyaye suke kai 'ya'yansu gidan mari don rashin wurin zuwa, wannan darasi ya fi shafarmu. Mutum yana da damar ya ƙi tsarin gaba ɗaya bisa wannan hujja ko bisa fahimtarsa ta addini, muddin abin da yake ƙi shi ne abin da aka kawo.

Labarin Oregon kuma ya ba mu gwajin ƙarshe, domin kalma mai kyau dole ta iya juyawa. Da "halatta" sai mu ce jihar ta sake haramta ƙwaya a 2024, alhali ba ta taɓa ɗage hanin ba. Da tamu kuwa kanun labarin zai zama: Oregon ta maido da gurfanarwa a kan mallakar ƙwaya. Ina roƙon editoci, a karo na farko da kalmar za ta fito a cikin rahoto, su biyo ta da jimla ɗaya mai bayyana abin da ake yi wa wanda aka kama, tara ce ko kwamiti ko magani, har zuwa lokacin da kunnen jama'a zai saba da ita.