Neman shawara: hular haƙorin da nake haɗawa ba ta zama a baki

Mai tambaya: Slm iyayen gida da ƴan uwa. Ni ɗan koyo ne a wani lab na haɗa haƙori, kwanan nan oga ya fara sakar min aikin hula wato kirawun. A kan model, wato kwafin haƙoran mutum da muke zubawa da garin dutse, tana zama ɗas wlh, amma da an kai wa likita sai ya dawo da ita, yau gefen a buɗe yake gobe ta yi tudu mai ita ba ya iya haɗa baki. Ko dai in ajiye kakin nan da muke siffanta hula da shi in rungumi exocad, manhajar zana haƙori a kwamfuta, kawai tunda can aka nufa? Dan Allah a taimaka.

Wani tsohon hannu: Wslm ƙanena. Wanda bai iya ganin layin gefe, wato inda bakin hular zai tsaya, a model ba, a kwamfuta ma ba zai gan shi ba. Ina zargin wajen sassaƙe dasashin model kake kankare gefen haƙorin baka sani ba, shi ya sa take zama a wajenka ta ƙi zama a baki. Ka ja layin da jan fensir siriri kafin ka ɗora kaki, sifesa kuma, fentin nan da ake shafawa don a bar wa siminti wuri, kar ta kai ƙasa, ka tsaya kamar milimita 1 kafin layin. Sannan garin dutsen nan mai ƙarfi auna shi ake yi, giram 100 ruwa wajen mil 20 zuwa 24 gwargwadon abin da kamfani ya rubuta, ba a kwaɓa shi da ido, idan ruwa ya yi yawa model ɗin laushi yake yana ta zaizayewa duk sa da cirewar da kake yi.

Wata likita: Ɗana ba duka laifin ne naka ba. Mu ma wani lokaci awon da muke aiko muku jini ko yawu ya rufe layin, balle idan da aljinet, garin nan da ake kwaɓawa a ɗauki awon baki, aka ɗauka ya daɗe a ajiye ya motse. Aikin hula awon silikon yake so. In ba ka ga layi ba ka faɗa wa oganka a mayar, kar ka yi cinke. Tudun kuma, ana haɗo muku da awon ɗaya muƙamuƙin da na cizo, wato yadda sama da ƙasa ke haɗuwa, kuwa?

Wani: Ni dai exocad nake aiki da shi kuma ina cewa ka koya, amma haɗa biyun. Zirkoniya ma, farin abin nan mai ƙarfi da inji ke yanka hula daga jikinsa, da nata rigimar, ana yanka ta da girma ne sai ta motse kusan kashi 20 cikin 100 a wuta mai zafin digiri wajen 1500, kowane faifan zirkoniya da lambar motsewarsa, ka shigar da ba daidai ba aiki ya tashi. Ga NEPA in ta ɗauke ana tsaka da gashi.

Wata: Hhh ku bari ya zo kan kala tukunna, ranar da aka rubuto A2, lambar kala mai haske, alhali Alhaji shekara da shekaru yana cin goro.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai Allah ya saka. Hajiya likita, awon ɗaya muƙamuƙin yana zuwa, na cizon ne ba kullum ba, da hannu muke haɗa su. In babu shi a mayar da aikin kenan?

Wata likita: Idan haƙoran baya sun cika suna kama juna za ka iya haɗawa da hannu. In kuwa na ƙarshe ne aka sassaƙe ko akwai giɓi da yawa, a mayar.