Ɗaura ƙafafun baya a motar haɗi da kanka: da me ake farawa?

Sabon Maƙeri:
Salamu alaikum masana. Motar irin zubin Lotus Seven ce, kayan bayanta na Ford Sierra, kowace taya da hannun sama da na ƙasa, wato ƙarafan da ke haɗa ta da shasi. An gama wa shasi fenti. Me ya kamata ya fara shiga, kuma yaushe ake matse notuna gaba ɗaya?

Mai Sifana:
Wa alaikumus salam. Difarenshal, akwatin giyan da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya, za ka fara sakawa, domin idan hannuwa suka riga shi wurin ya matse. Sai hannun ƙasa, hannun sama, gidan hob (hob shi ne inda ake ɗaura taya), shaf (sandar da ke juya taya), shokazoba a ƙarshe. Duk wannan da hannu kawai za ka ɗaure su.

Matsewa kuwa, duba irin bushin da ke hannunka, wato zoben da ke cikin ramin hannu inda ƙusa ke ratsawa. In na roba ne wanda aka manne da bututun ƙarfe, ba juyawa yake ba, murɗewa yake. In ka matse shi taya na reto a kan jak, da ka sauke motar robar ta riga ta murɗe, tsayin motar ya ƙi zama daidai, ba da jimawa ba ta tsage. Saboda haka sauke ta ƙasa, a sa nauyin mutum a kujerar direba, a gangara ta gaba da baya, sannan a matse. Bushin foliyuriten, mai kama da roba mai tauri, shi a kan bututun yake juyawa. Abin da yake so giris ne, kuma bututun ya ɗan fi bushin tsawo, in ba haka ba hannun ya cije.

Ƙusoshin su kasance masu lambar ƙarfi 8.8, M12 (mai kaurin milimita 12) yana ɗaukar wajen Nm 80 (Nm ma'aunin ƙarfin matsewa ne). Santsin jikin ƙusar ne zai zauna cikin ramin biraket, kada tiredi ya zauna a nan, yana cin ramin.

Injiniya B.:
Malam, hattara da babban notin hob na Sierra. Na gefen hagu tiredinsa baibai ne, hagu ake juya shi ya ɗauru. Soket 41 yake ci, Nm 250 zuwa 290, sai taya na ƙasa an taka birki. Shaf ɗin biyu ma ba tsawonsu ɗaya ba, kada a musanya.

Kafin ka sa sifirin, ɗaga hob da jak daga can ƙasa zuwa can sama kana juya shi. In ya yi tauri a wani wuri, shaf ya ƙure. A nan kuma za ka ga ko tiyon birki yana miƙewa ko yana gogar taya.

Mai Sifana:
Na manta alaimen, wato daidaita tsayuwar tayoyi. Gaban tayoyin baya ya ɗan dubi ciki da milimita 1 zuwa 2, samansu ya karkata ciki da rabin digiri zuwa ɗaya. In suka dubi waje, bayan motar zai riƙa zillewa a kwana, wannan ba abin wasa ba ne.

Injiniya B.:
Kuma bakin fitar da iska na kalifa, abin da ke matse faifan birki, ya kasance a sama. In zamansa bai ba da haka ba, kwance shi, sa katako tsakanin fad ɗin birkin, ka riƙe shi a tsaye har iskar ta fita.