An ce sai an sa wa Baba sitent a jijiyar zuciya, wa ya san yadda abin yake?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum jama'a dan Allah a taimaka min da bayani. Babanmu shekararsa 64, wata uku kenan in ya ɗan yi tafiya ko ya hau bene sai ƙirjinsa ya riƙe kamar an ɗora masa dutse, da ya zauna sai ya lafa. An yi hoton jijiyoyin zuciya an ce ɗaya ta tsuke sosai, wai za a buɗa ta da balan-balan a sa sitent, wani ɗan ƙarfe da zai riƙe ta a buɗe. Shi dai ya rantse ba mai tsaga masa ƙirji. Wai tsagawa ake yi? Kuma ƙarfen ana cire shi daga baya ne?

Dattijo58:
Wa alaikumussalam 'yata, ki gaya masa ba tsagawa ake ba, ni guda biyu ne a jikina yau shekara huɗu. Ta wuyan hannu suka shiga, wasu kuma ta matse-matsi ake bi, allurar kashe zafi kawai aka yi min a wurin, ido na biyu ina jin hirarsu suka zura wani siririn bututu har zuciya, da suka hura balan-balan ɗin na ji ƙirjina ya ɗan matse na wasu daƙiƙu shi kenan. Washegari aka sallame ni. Ƙarfen kuwa wata 'yar raga ce ƙarama, ba a cirewa, nama ne ke rufe ta a hankali.

Nas_Bilki:
Allah ya ba Baba lafiya. Aikin ba sabo ba ne, tun 1977 wani likita Andreas Grüntzig ya fara buɗa jijiyar zuciya da balan-balan a Zurich, sitent ya biyo baya a 1986, na yanzu ma yawanci an shafe su da maganin da ke hana wurin sake tsukewa. Ni ba aikin ke ban tsoro ba, bayan aikin ne. Za a ba shi maganin hana jini daskarewa, asfirin da wani na biyu, galibi wanda za ki ga an rubuta clopidogrel ko ticagrelor a kwalinsa, wata 6 zuwa 12 ake haɗa su gwargwadon yanayin mutum. To sai mutum ya ji garau bayan sati uku ya ce ai na warke ya ajiye magani, jini ya daskare a cikin ragar ya toshe ta lokaci guda, wannan kuwa yana iya kisa wlh. Ko haƙori za a cire masa kar ya tsayar sai likitan zuciya ya ce. A kuma duba ƙodarsa kafin nan saboda ruwan da ake ɗurawa don hoton ya fito, musamman in yana da ciwon suga.

Abu_Sadik:
Ba ina musu ba ne amma ku tambayi likitan ko na gaggawa ne. In jijiya ta toshe gaba ɗaya zuciya na mutuwa, nan kam sitent ceton rai ne kuma minti ake ƙirgawa. Amma irin na Baba da sai ya motsa yake ji, manyan bincike biyu, COURAGE a 2007 da ISCHEMIA bayansa, sun nuna sitent bai fi magani tsawaita rai ba, ciwon ƙirjin dai yake ragewa. Kuma wuri ɗaya yake gyarawa, kitsen da ke sauran jijiyoyin yana nan, dole maganin kolestarol da na hawan jini su ci gaba, in yana shan sigari ya bari.

Nas_Bilki:
Haka ne malam, sai dai ya danganta da wace jijiya ce da inda ta tsuke, wanda ya ga hoton shi zai faɗa. Hajiya in ciwon ya fara zuwa masa yana zaune, ko ya ƙi lafawa, ko da gumi da amai, kar ku jira ranar da aka ba ku, asibiti kai tsaye.

Ummu_Hanan:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Baba Dattijo na karanta masa naka har sau biyu, ya ce a tambaye ka wai na'urar filin jirgi tana yi maka ƙara in za ka wuce?

Dattijo58:
Hhh ko sau ɗaya ba ta taɓa ba, makullin aljihuna ne dai ya taɓa tona min asiri.