Wasan binciken da ba ya barinka ka yi kuskure, bincike ne kuwa?

Mai Bin Sawu: Jama'a, ni a ganina wasan bidiyo na binciken kisan da labarinsa zai ci gaba ko ka gano gaskiya ko ba ka gano ba, fim ne kawai ake kallo ana danna maɓalli. Ku dubi L.A. Noire na 2011. Da zarar ka matso kusa da hujja, hannun wasan zai girgiza, in ka tattara duka kuma kiɗan ya tsaya. In ka ɓata tambayar wanda ake zargi, taurarinka ne kawai za su ragu cikin biyar, shari'ar ta rufe. To wa ya yi binciken?

Yar Birni: Malam, ka tsananta. Girgizar da kiɗan duk ana iya kashe su a saiti. Kuma armashin wasan yana fuska ne. Kyamara 32 aka kewaye kowane ɗan wasan kwaikwayo da su aka ɗauki motsin fuskarsa, don ka lura da mai kau da ido da mai haɗiyar yawu. Kana yawo a Los Angeles ta 1947, kana sauraron mutanen da ke ɓoye abu. Wannan ma aikin ɗan sanda ne.

Mai Bin Sawu: Hajiya, ai a nan matsalar take. Zaɓi uku ne: gaskiya, shakka, ƙarya. Ka danna shakka kana nufin tambaya a hankali, sai Cole Phelps, ɗan sandan da kake sarrafawa, ya hau mutum da tsawa. Shi ya sa a fitowar 2017 aka sauya sunayen maɓallan. Rubutun bai dace da abin da mai wasa ke nufi ba.

Baban Lissafi: Ku bar L.A. Noire, ku zo kan Return of the Obra Dinn na Lucas Pope, 2018. Mutum 60 ne a jirgin ruwan, kowa sai ka rubuta a littafi sunansa da abin da ya same shi, da wanda ya kashe shi in akwai. Wasan ba zai ce ka dace ba sai ka cika bayanin mutum uku daidai a tare. Babu mai nuna maka hanya. Lafazin mutum, kayan jikinsa, inda yake tsaye lokacin aiki, su ne hujjarka. 'Yan Sin huɗu masu hawa saman jirgin, sai ka duba takalman da suka leƙo daga ragar da suke kwana, ka haɗa lambar ragar da jerin sunayen ma'aikata. Wannan shi ne bincike.

Yar Birni: Yaya, dokar ukun nan tana da ɓaraka. Ka samu biyu da ka tabbatar, ka ajiye su, sai ka yi ta juya sunaye a na uku har littafin ya karɓa. Kuma mutum nawa cikin sittin ɗin ka damu da mutuwarsu? Yawancinsu layi ne a takarda.

Baban Lissafi: Mai yin haka kansa ya cuta, ba wasan ne ya tilasta masa ba. Bambancinsa da Ace Attorney, wasan lauya a kotu, ke nan: can ka riga ka san mai laifin, amma in ba ka miƙa hujjar da marubuci ya zaɓa a kan jimlar da ya zaɓa ba, alƙali zai ci tararka, ko da hujjar taka ta yi ma'ana.

Mai Bin Sawu: To ga abin da nake nema. A Sherlock Holmes: Crimes & Punishments na 2014, shari'a shida ce, kuma kana iya ɗora laifi a kan marar laifi, wasan ya bar ka ka wuce. Nauyin yana wuyanka.

Yar Birni: Amma don hakan ta yiwu, Malam, dole a rubuta hujjojin yadda za su hau kan mutum biyu ko uku. A wasu shari'o'in, abin da ya raba amsar gaskiya da ta kuskure siriri ne ƙwarai, har sai ka danna maɓallin da ke bayyana amsa kafin ka san ko ka dace.