Yaya ake rubuta bayanin kayan aiki mai goge bayanai don kada wakilin AI ya yi ɓarna?

Ɗan_Kodin:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina gina sabar MCP (ƙa'idar da ke haɗa AI da kayan aiki na waje) da za ta ba wakilin AI, wato manhajar AI mai aiwatar da ayyuka da kanta, damar aiki da rumbun bayanan wani shago. Cikin kayan aikin akwai guda mai suna clean_orders, bayaninsa layi ɗaya ne: "Yana share tsofaffin oda." Abin da yake yi a zahiri DELETE ne a teburin orders, kuma da yake akwai ON DELETE CASCADE, wato tsarin da ke goge bayanan da ke haɗe da layin da aka goge, rasit da bayanan biyan kuɗi su ma tafiya suke yi. Me ya kamata in rubuta a bayanin? Idan na sa destructiveHint, alamar da ke nuna kayan aiki na iya yin ɓarna, shi ke nan ya wadatar?

Ummin_Saba:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fara da sunan. Wakilin ba ya ganin lambar da ka rubuta a ciki. Abin da ke isa gare shi suna ne, da bayani, da inputSchema, wato tsarin bayanan da kayan aikin ke karɓa. Kalmar clean tana iya nufin gyara, ko tsarawa, ko gogewa, don haka ranar da mai shago ya ce "ka gyara min jerin odar nan", wannan kayan aikin zai fara ɗauka. Mai da shi delete_orders_permanently.

Jimlar farko ta bayanin ita ce ta faɗi asarar. Misali:

"Yana goge oda har abada, ba a dawo da ita. Duk odar da aka goge, rasit ɗinta da bayanan biyanta suna gogewa tare da ita. Kada a kira shi sai mutum ya nemi gogewa da bakinsa kuma ya ga jerin odar. Idan ɓoye oda daga allo ake so, a yi amfani da archive_orders. Idan kira ya katse, kada a maimaita. A duba da get_order tukuna."

Jimlar da ke nuna archive_orders tana da amfani ƙwarai, domin wakilin da aka hana hanya ba a nuna masa wata ba yakan koma ya bi wadda aka hana ɗin.

Sai inputSchema. Kada ka karɓi "tsofaffi" ko wani sharaɗi buɗaɗɗe. Karɓi jerin lambobin oda, ka sa shi cikin required, minItems 1, maxItems kamar 50. Kuma jerin da babu komai a ciki kada ya taɓa nufin "duka". Irin wannan ne ya faru da manhajar Steam ta Linux a 2015: akwai layin rm -rf "$STEAMROOT/"*, idan STEAMROOT ya zo fanko sai umarnin ya fara goge fayilolin mai kwamfuta tun daga tushe.

Malam_Linux:
Abin da Ummi ta faɗa daidai ne. A kan tambayarka ta biyu kuwa, a'a, bai wadatar ba.

An shigar da waɗannan alamomi cikin ƙa'idar MCP a bugun Maris 2025: readOnlyHint (karatu kawai yake yi), destructiveHint, idempotentHint (maimaita kira ba ya ƙara canja komai) da openWorldHint (yana hulɗa da waje). Idan ba ka sa komai ba, ana ɗaukar readOnlyHint a false, destructiveHint a true, wato ƙa'idar da kanta tana zaton mafi muni. Amma ishara ce kawai ga manhajar da ke riƙe da wakilin, don ta san lokacin da za ta tsaya ta tambayi mutum. Ba ta hana komai gudana a sabar, kuma ƙa'idar ta ce kada a yarda da alamomin sabar da ba a amince da ita ba. Ka sa su, amma gargaɗin ya kasance cikin bayanin ma, don babu tabbacin manhajar za ta nuna wa wakilin alamomin.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne idempotentHint. "Goge oda mai lamba 4812" ko sau uku aka kira, sakamako ɗaya ne. "Goge oda 100 mafi tsufa" kuwa duk kira sabuwar ɓarna ce. Intanet ta ɗauke bayan sabar ta gama aiki, amsa ba ta dawo ba, wakili ya sake kira, oda 200 sun tafi.

Kuma Malam, rubutu ba kwaɗon kulle ba ne. A Yulin 2025 wakilin AI na Replit, dandalin rubuta manhaja, ya goge rumbun bayanan aiki na kamfanin SaaStr alhali an gaya masa ƙarara kada ya taɓa komai a lokacin. Matakin da Replit suka sanar bayan nan shi ne raba rumbun gwaji da na aiki kai tsaye.

Hajiya_DB:
Ni shawarata a raba aikin gida biyu, kamar yadda manhajar tsara sabobi ta Terraform ke da plan (duba abin da zai faru) da apply (aiwatarwa).

Na farko preview_delete_orders, karatu kawai yake yi. Zai dawo da adadi tebur-tebur: oda 12, rasit 12, bayanan biya 15, da misalin layuka kaɗan, da wata lambar tabbatarwa. Lambar nan ka ɗaure ta da ainihin jerin odar a sabar, ta mutu bayan minti 5, kuma sau ɗaya take aiki. Na biyu ba ya karɓar komai sai lambar. Idan wata oda ta canja tsakanin kira biyun, ya ƙi.

Don Allah kada ka dogara da gurbi irin confirm: true. Wakilin da kansa zai cike shi tun a kiran farko. Ita ma lambar tabbatarwa abin da take lamuncewa shi ne an duba kafin a goge, ba wai mutum ya yarda ba. Yardar mutum daga manhajar za ta fito, ko ta hanyar elicitation da aka ƙara a bugun Yuni 2025, inda sabar ke aika tambaya ga mutumin kai tsaye.

A rumbun kuma, buɗe wa wakilin asusunsa daban. A rumbun PostgreSQL ka yi REVOKE DELETE da TRUNCATE a kansa, wato ka janye masa izinin gogewa, kuma kada ya zama mamallakin teburin, domin mamallaki na iya DROP, wato goge teburin gaba ɗaya. Mafi sauƙi, ƙara ginshiƙin deleted_at, wakili ya riƙa cike shi kawai, wani aiki na dare ya yi gogewar gaske bayan kwana 30. Sai ka rubuta hakan a bayanin: ana iya dawowa cikin kwana 30 da restore_orders. Wakilin da bai san da hanyar dawowa ba zai gaya wa mai shago cewa komai ya salwanta.

Saƙon kuskure ma bayani ne. Maimakon "an hana", rubuta "Oda 4812 tana da biyan da bai kammala ba, ba za a goge ta ba. A sanar da mutum, kada a nemi wata hanya."

Ɗan_Kodin:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, ba zan iya barin kayan aiki ɗaya in sa masa gurbin dry_run, na gwaji ba tare da gogewa ta gaske ba?

Hajiya_DB:
Za ka iya, amma alamomin nan na kayan aiki ne gaba ɗaya, ba na kowane kira ba. Dole ka sa masa destructiveHint true, sai manhajar ta riƙa tambayar mutum ko da dubawa kawai ake yi, har ya saba danna "na yarda" ba tare da karantawa ba. Idan ka raba su, na dubawa ya samu readOnlyHint true ya wuce shiru, tambaya ta tsaya a kan na gogewa kaɗai. In kuma ka nace da guda ɗaya, to dry_run ya zama true idan ba a cike shi ba.