Ina ya fi dacewa a tsaya a ɗauki hoton jirage a filin jirgin sama na Heathrow?

Ɗan Gwammaja

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina karatu a wata jami'a da ke arewacin Ingila, kuma ina da niyyar zuwa Landan a hutun da ke tafe domin in ɗauki hotunan jiragen sama a Heathrow. Kyamarar da nake da ita ƙirar Canon ce, tare da madubi mai jawo nesa na milimita 70 zuwa 300. Abin da na fi so in samu shi ne babban jirgin nan mai hawa biyu, wato Airbus A380, sannan in da hali in ga jirgin wani kamfanin Najeriya yana sauka. Ina roƙon waɗanda suka san wurin su gaya mini inda ake tsayawa a wajen shingen filin, da lokacin da ya fi kyau a je, da kuma ko hukuma tana hana baƙo irina ɗaukar hoto, domin ba na so sha'awar jirgi ta jawo mini matsala a takardun zamana.

Mazaunin Hounslow

Wa alaikumus salam, Malam. Wurin da kowa zai fara ambata maka shi ne Myrtle Avenue, wani layi a unguwar da ke gefen filin, kuma gaskiya ne babu kamarsa, amma sai ka fara sanin yadda ake amfani da titunan filin, in ba haka ba kana iya yini a can jirgi ko ɗaya bai sauko ta gabanka ba.

Heathrow yana da titunan sauka da tashi guda biyu, ɗaya a arewa ɗaya a kudu, dukkansu sun miƙe daga gabas zuwa yamma. Jirgi yana sauka yana kuma tashi ne yana fuskantar iska, kuma a Landan iska ta fi zuwa daga yamma, shi ya sa kusan kashi 70 cikin 100 na shekara jirage sukan taho daga gabas, su keta saman birnin, su sauka suna fuskantar yamma. Ko da iskar ta juyo daga gabas, muddin ba ta da ƙarfi, haka ake ci gaba da yi. A wannan yanayi titin arewa sunansa 27R, na kudu kuma 27L, kuma lambar 27 tana nuna digiri 270 ne a kamfas, wato yamma sak. Myrtle Avenue yana gab da bakin 27L ta kudu, saboda haka amfaninsa yana ranar da ake sauka a kan wannan titin ne.

Abu na biyu shi ne karɓa-karɓa. Domin a rage wa mazauna unguwannin da ke ƙarƙashin hanyar jiragen ƙara, ana sauka a kan titi ɗaya ana tashi daga ɗayan tun daga ƙarfe 6 na safe har zuwa ƙarfe 3 na rana, sannan a musanya su har zuwa tashin jirgin ƙarshe na dare. A mako na gaba sai a juya tsarin. Ma'anar wannan a wurinka ita ce, a wani makon jirage za su bi ta Myrtle Avenue da safe, a makon da ke biye kuma sai bayan ƙarfe uku. Hukumar filin tana fitar da jadawalin shekara guda a shafinta na intanet, saboda haka ka duba shi kafin ka sayi tikitin jirgin ƙasa, sannan ka duba hasashen iska kwana ɗaya ko biyu kafin tafiyar.

Idan iska ta yi ƙarfi daga gabas, labari ya canza. Jirage za su zo daga yamma, ta wajen garin Windsor, su sauka a titin arewa, wanda a lokacin ake kira 09L, su tashi daga na kudu, kuma ba a yin musanyar ƙarfe uku. Asalin wannan shi ne wani alkawari da aka yi wa mutanen ƙauyen Cranford, da ke gabas da titin arewa, a 1952 cewa jirage ba za su riƙa tashi ta kansu ba. Gwamnati ta sanar da kawo ƙarshen alkawarin a 2009, amma aikin gyaran hanyoyin da jirage ke bi su shiga titin ya ja dogon lokaci, shi ya sa tsohon tsarin ya ci gaba. A irin wannan rana za ka ga jirage masu tashi daga Myrtle Avenue, sai dai mafi yawansu sun riga sun yi sama kafin su iso, ban da manya masu nauyi da ke doguwar tafiya.

Zuwa wurin ba wuya. Ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly ka sauka a Hatton Cross, daga nan tafiyar ƙafa ce ta kimanin minti goma. A ƙarshen Myrtle Avenue akwai fili mai ciyawa, babban titin A30 ne kawai tsakaninsa da shingen filin jirgin. Unguwa ce ta gidajen jama'a, saboda haka kada ka je da mota ka tare wa mutane ƙofa, kuma ka tafi da ruwanka da abincinka da rigar sanyi ko da a bazara ne.

Hajiya Mai Kyamara

Na yarda da bayanin Malam na Hounslow, sai dai ina so in ƙara magana kan haske, domin shi ne ya sa masu hoto suka fifita Myrtle Avenue a kan sauran wurare. A Ingila rana tana bi ta kudu ne, wanda ya tsaya a kudancin titin kuwa rana tana bayansa, haskenta yana faɗa wa gefen jirgin da yake kallo. Wanda ya tsaya a arewa, ta wajen Bath Road, yana fuskantar rana ne kusan yini guda, sai jirgin ya fito masa baƙi-baƙi. Otal ɗin Renaissance da ke kan wannan hanyar yana da ɗakuna masu kallon titin arewa, kuma wurin ya yi kyau ga mai son zama ya yi kallo ya rubuta lambobin jirage, amma ni ban ga dalilin da ɗalibi zai kashe kuɗin ɗaki don ya ɗauki hoto ta bayan gilashi ba.

Madubinka ya isa, har ma za ka tarar ya yi yawa. Jiragen suna saukowa ne a kan gangare mai digiri uku, kuma lokacin da suka iso Myrtle Avenue saura musu 'yan daƙiƙu su taɓa ƙasa, saboda haka A380, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita 73 kuma faɗin fikafikansa ya kusa mita 80, zai cika maka hoto tun kana wajen milimita 70. Ƙananan jirage irin su A320 ne za su sa ka jawo madubin. Ka sa saurin ƙiftawar kyamara a kan 1/1000 na daƙiƙa ko sama da haka, buɗewar madubi a wajen f/8, ka bar ISO, wato ƙarfin karɓar hasken kyamara, ƙasa-ƙasa idan akwai rana, ka kuma kunna tsarin da ke bin abu mai motsi. Ka fara bin jirgin tun yana nesa, kana juya jikinka daga ƙugu, kada ka tsaya cak a lokacin da ka danna. Idan wata rana ka je filin da ake samun jirage masu farfela, sai ka rage saurin zuwa wajen 1/250, domin farfelar da ta daskare a hoto tana sa jirgin ya zama kamar injinsa ya mutu.

Kada ka ɓata lokaci wajen ɗaukar jiragen da ke can nesa a ƙasa a ranar zafi. Hucin kwalta da na injuna yana sa iska ta riƙa rawa kamar kawalwalniyar da ake gani a hanyar Kano zuwa Zariya da tsakar rana, kuma babu madubin da zai gyara wannan. Hotuna mafi tsafta sukan fito ne da sanyin safiya, ko bayan an ɗauke ruwa.

Game da A380, ba za ka sha wuya ba. An daina ƙera shi a 2021, amma Emirates da British Airways da Singapore Airlines da Qatar Airways duk sun yi ta kawo shi Heathrow, kuma Emirates kaɗai yana zuwa sau da dama a rana. Ka sauke manhajar Flightradar24 a wayarka, za ta nuna maka jerin jiragen da ke tafe da nau'insu da lambarsu, har ka shirya kafin wanda kake jira ya ɓullo. A lokacin cunkoso kusan kowane minti ɗaya da rabi jirgi yana sauka.

Ɗan Gwammaja

Na gode ƙwarai, Malam da Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Saura batun doka da na jirgin Najeriya. Kuma ina so in ji ko mutum zai iya yin irin wannan a filin Malam Aminu Kano idan ya koma gida.

Tsohon Injiniya

Ɗana, a Birtaniya babu dokar da ta hana mutum ya tsaya a wurin jama'a ya ɗauki hoton jirgin fasinja, ɗan ƙasa ne ko baƙo. 'Yan sanda sukan zagaya, suna iya tsayawa su tambaye ka abin da kake yi, kai kuma sai ka amsa cikin ladabi ka nuna musu hotunan idan ka ga dama. Sun saba da masu wannan sha'awa, domin a ranar 18 ga Fabrairu, 2022, lokacin guguwar Eunice, Jerry Dyer na tashar Big Jet TV ya watsa saukar jirage kai tsaye daga gefen filin, mutane fiye da 200,000 suna kallo a lokaci guda.

Abubuwan da aka hana su ne ya kamata ka kiyaye. Kada ka taɓa shinge ko ka hau shi. Kada ka tashi jirgi marar matuƙi a kusa da filin, domin bayan abin da ya faru a filin jirgin Gatwick da ke kudu da Landan a Disambar 2018, inda aka rufe filin saboda rahoton ganin irin waɗannan na'urori, an faɗaɗa yankin da aka haramta tashinsu a 2019 har zuwa kilomita biyar daga bakin titi. Haska wa jirgi fitilar leza laifi ne da dokar 2018 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai wa shekara biyar a kansa. Akwai kuma wanda mutane da yawa ba su sani ba: sauraron maganar matuƙa da masu ba su umarni ta rediyo ba tare da izini ba laifi ne a ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2006. Za ka ga 'yan ƙasa riƙe da rediyon a fili, amma kai da kake zaune da bizar karatu ba ka da buƙatarsa, manhajar da Hajiya ta ambata ta wadatar.

Batun Kano kuwa dabam ne, kuma shawarata ita ce kada ka gwada ba tare da rubutaccen izini daga FAAN, hukumar kula da filayen jiragen saman Najeriya, ba. Filin Malam Aminu Kano yana haɗe da sansanin sojan sama, haka ma filin Diori Hamani na Yamai, kuma duk inda jiragen soja suke, jami'an tsaro ba za su ɗauki mai doguwar kyamara a bakin shinge a matsayin mai sha'awa ba. Wannan ba a Afirka kaɗai ba ne. A Nuwamban 2001 an kama 'yan Birtaniya 12 da 'yan Holan biyu a Kalamata ta ƙasar Girka, aka same su da laifin da ya shafi leƙen asiri a 2002, sai a ɗaukaka ƙara aka wanke su a ƙarshen shekarar. A 2015 ma an tsare wasu 'yan Birtaniya uku na tsawon makonni a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa saboda rubuta lambobin jirage kusa da filin Fujaira.

Mazaunin Hounslow

Baba Injiniya ya gama magana kan doka, bari in cike ta jirgin Najeriya. Air Peace ya fara zuwa Gatwick daga Legas a ƙarshen Maris na 2024, sannan ya fara zuwa Heathrow daga Abuja a Oktoban 2025. Ka duba ranakun zuwansa a manhaja, domin sai saukarsa ta dace da lokacin da ake amfani da 27L kafin ya biyo ta gabanka. British Airways yana zuwa daga Legas da Abuja, Virgin Atlantic kuma daga Legas, amma waɗannan rajistarsu ta Birtaniya ce, mai farawa da harafin G.

Lambar rajista tana rubuce a jikin jirgi kusa da wutsiya, kuma ita masu wannan harka suke tattarawa. Ta Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar 5U, ta Gana 9G, ta Saudiyya HZ, ta Habasha ET, ta Daular Larabawa A6. Fentin kamfani ba ya nuna ƙasar rajista a kowane lokaci, domin kamfanoni sukan yi hayar jirgi. Lokacin da kamfanin Arik Air na Najeriya ya fara zuwa Heathrow a ƙarshen 2008, jiragensa ƙirar A340-500 suna ɗauke da rajistar Fotugal ne mai farawa da CS, saboda wani kamfanin can ne yake tafiyar da su.

Tun da a arewa kake karatu, ka gwada Manchester ma. Can akwai wurin kallo na hukuma mai suna Runway Visitor Park a gefen titin, da dandamalin tsayawa da wurin cin abinci, kuma an ajiye jirgin Concorde, tsohon jirgin fasinja da ya fi sauti gudu, mai lamba G-BOAC a cikin rumfa ana shiga da masu ziyara su gan shi. Emirates yana kai A380 can, saboda haka kana iya saba hannu da kyamararka a kusa da gida kafin ka biya kuɗin zuwa Landan.